Abin gashin nama na gida: na gawayi, na gas, ko a yanka min duro?

Abban_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina son in ajiye abin gashin nama a gida, ga Babbar Sallah na matsowa, kuma ko ba Sallah yarana na son gasasshiyar kaza da kifi. Na leƙa wani shago a Zoo Road na tarar da iri uku: wani zagayayye mai ƙafa uku da murfi, na gawayi, wani na gas mai kan wuta uku, sai wani dogo mai ƙaramin akwati a gefe da bututun hayaƙi, mai shagon ya ce na banda ne irin na Amurka. Duk kuɗinsu ba na wasa ba ne. Wani abokina kuma ya ce in daina neman ɓarnar kuɗi, in je Ƙofar Ruwa a yanka min duro. Mu tara ne a gida, a Hotoro muke, tsakar gidan siminti ce kuma ba ta da wani girma. Wanda ya taɓa aiki da ɗaya daga ciki ya gaya min gaskiya.

DanFagge
Wa alaikumus salam. Duro. Abokinka ya gama maka magana.

Maman_Walid
Kafin a kai ga duro, Abban Hanifa, wa zai riƙa tsayawa a kan wutar? Kai ko Maman Hanifa? Don na san halinku. Farkon zuwan abu za a naɗe hannun riga ana fifita ana ɗaukar hoto, daga nan sai ya koma hannun matar gida: ita ce hura wuta, ita ce kwashe toka, ita ce kankare waya. In ita za ta yi, ita ya kamata a tambaya.

Abban_Hanifa
Hajiya, ko zama ban yi ba kin fara da ni. Ni zan yi, in sha Allahu.

Maman_Walid
Allah ya ba da iko. Muna nan.

MaiWalda_KofarRuwa
Sana'ata ce, bari in faɗi abin da na sani. Duro yana yi, amma ba kowanne ba. Da farko ka san abin da aka zubo a cikinsa. Da yawa daga duron da ke fitowa daga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai sinadari suka ɗauko, na jima ko na fenti ko na roba, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Ka nemi wanda ya ɗauko abin ci, kamar man girki. Wanda ya ɗauki fetur kuwa, ko ka kawo min ba zan ɗora masa injin yanka ba sai an wanke an cika shi da ruwa, don tururin da ya saura a ciki shi ke fashewa da mutum.

Sannan jikin duro ba kauri, wajen milimita 1 ne. In ka riƙa zuba garwashi kai tsaye a gindinsa, ba zai daɗe ba zai ɓule. Abin da muke yi, mu yanka faranti na ƙarfe mai milimita 3, mu huhhuda shi, mu ɗaga shi kaɗan daga ƙasa. Gawayi ya zauna a kai, toka ta zube ƙasa, iska ta shigo ta ƙarƙashi. A kwantar da duron a raba shi biyu ta tsawo, rabin sama ya zama murfi. Kada ka yarda a yar da murfin nan don a rage maka kuɗi. Ka kuma ce a yi wa wayar mataki uku, yadda za ka ɗaga ta ko ka sauke ta.

Injiniya_Sharada
Oga ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsallake maganar waya, kuma a nan mutane suka fi cutar kansu. Wayar nan mai sheƙin fari da ake shingen kaji da ita, an lulluɓe ta da zinki ne don kada ta yi tsatsa. In ta sha wuta sosai rufin yana ƙonewa ya tashi a hayaƙi, ba abin da za a ɗora abinci a kai ba ne. Haka wayar tsohon firij da wasu ke cirowa, ita ma da rufi a jikinta, ba don wuta aka yi ta ba. Ko dai a jera maka siraran rodi na baƙin ƙarfe, ka riƙa shafa musu man gyaɗa bayan kowane aiki, ko ka ƙara kuɗi a sa maka ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma kafin nama ya hau, a cika duron da itace a ƙone shi sosai har fentin ciki da na waje ya tashi, a kankare, a sake ƙonewa.

MaiWalda_KofarRuwa
Haka ne Injiniya. Mai aiki ne ke cewa a sa masa mai araha, mu kuma mu sa.

Injiniya_Sharada
Ai ku ya kamata ku faɗa masa, shi bai sani ba.

Hajiya_Bompai
Ni dai na gas nake amfani da shi kuma ban yi nadama ba. Ka murɗa, ka kunna, minti goma ya yi zafi, ka gasa kajinka, ka kashe. Ba toka, ba hayaƙin da zai bi labule da kayan shanya. Ga mai ƙaramar tsakar gida irin ta Abban Hanifa wannan ba ƙaramin abu ba ne. In baƙi suka yi sallama bayan Magariba ba sai na aiki yaro neman gawayi ba.

DanFagge
Hajiya, wannan ai ba gashi ba ne, ɗumame ne. Naman ma warin gas yake yi.

Injiniya_Sharada
A'a DanFagge, ban da ƙari. Gas in yana ci daidai, wutar shuɗiya, ba ya barin wari a nama. Warin da kake ji a silinda wani sinadari ne da ake zubawa da gangan don a gane in yana yoyo, kuma yana ƙonewa tare da gas ɗin. Yawancin ƙamshin da muke cewa na gashi, daga kitse da ruwan nama ne da ke ɗiga kan abu mai zafi su tashi su koma jikin naman, kuma na gas ma yana yin wannan. Abin da ba ya bayarwa shi ne ƙamshin itace. Inda na gas ke da matsala a nan garin daban ne: masu arahar cikinsu kan wutar ke fara ruɓewa, in ka zaga neman madadinsa ba lallai ka samu daidai da naka ba. Sai ka ga gangar jiki lafiya lau, an jingine ta a lungu.

Hajiya_Bompai
Nawa dai bai ruɓe ba tukuna. Ina rufe shi da tamfol da damina, silindar kuma a inuwa take, don zafin Maris da Afrilu na Kano ba a bar masa tukunyar gas a rana. Duk sanda aka sauya silinda ina shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa na san da yoyo.

Dan_Rundawa
Ku yi haƙuri in sa baki, a bakin tukuba na tashi. Duk kuna ta maganar ƙarfe, ba wanda ya yi maganar wuta. Ku tsaya ku kalli mai tsire na gargajiya: tsinkayen a kafe suke a kewaye da wutar, naman yana gefenta, ba ya kanta. Kitse in ya narke ƙasa yake bi, ba ya faɗawa cikin garwashi balle wuta ta tashi ta lashe naman. Garin ƙuli kuma ba ya son harshen wuta ko kaɗan, nan da nan yake ƙonewa ya yi ɗaci. Shi ya sa tsiren gida ke fitowa baƙi a waje, ɗanye a ciki: an baza gawayi ko'ina, an kwantar da tsinke a kan wuta tana ci.

Ko me ka saya, Abban Hanifa, ka tara garwashin a gefe guda ka bar ɗaya gefen ba komai. Ka fara da nama a gefen da ba wuta, ya dahu a hankali, sannan ka matso da shi kan rushi ya yi ja. In wuta ta tashi ka janye shi, kada ka watsa ruwa toka ta bule shi. Kuma ba a ɗora nama sai gawayi ya daina hayaƙi ya yi farar toka a jiki. Balangu ma haka muke yi masa a kan waya, ana yi ana juyawa ana shafa mai. Saboda haka ni abin da zan duba a abin gashi shi ne faɗi. In ba shi da faɗin da za a raba shi gida biyu, kurfoti ne kawai mai tsada.

Abban_Hanifa
Allah ya saka da alheri Dan_Rundawa, wannan karatu ne. To na bandar nan fa mai akwati a gefe? Shi ya fi ɗaukar min ido, gaskiya.

Bakano_a_Texas
Yaya, a nan inda nake shi ne sarki, amma ka ji yadda yake aiki kafin ka zuba kuɗi. Wutar tana cikin ƙaramin akwatin, naman yana cikin babban, zafi da hayaƙi ne ke ratsawa ta kansa su fice ta bututu. Ana riƙe zafin a ƙasa-ƙasa, tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salsiyas, kuma babban yankin ƙirjin saniya yana iya cin awa 10 zuwa 12, wani lokaci fiye. Duk tsawon lokacin nan kana kusa, kana ƙara itace kaɗan-kaɗan. Masu kyau ana yin su da ƙarfe mai kauri wajen milimita 6 don su riƙe zafi, mutum ɗaya ba ya ɗaga su. In wanda ka gani a shago kana iya girgiza shi da hannu ɗaya, to sifar kawai ya ɗauko. Hayaƙi zai riƙa tsiyaya ta bakin murfi, gefen da ke kusa da wuta ya ƙone, ɗaya gefen bai san ana yi ba.

Sai babbar maganar: naman. Shanun nan ana turke su a ɗura musu masara, kitse ya ratsa tsokar, shi ya sa suke jure doguwar wuta. Namu na gida, Bunaji da Bokolo da Rahaji, tafiya suke sha, tsokarsu ba ta da wannan kitsen. Ka sa cinyar sanmu awa 12 a hayaƙi, sai dai ka fito da abin da wuƙa za ta yi ta fama da shi.

Dan_Rundawa
Ban da tozo, ɗan uwa. Tozo kitse a cikin tsokarsa yake, yana son wuta mai sanyi da dogon lokaci. Haƙarƙarin rago mai ƙiba ma haka, musamman Balami da aka turka.

Bakano_a_Texas
Wallahi ka yi gaskiya, tozo zai yi. Mutanen Brazil ma suna gasa tozo a hankali, don su ma shanunsu masu tozo ne. Amma sau nawa a shekara Abban Hanifa zai sayi tozo guda ya zauna masa wuni? Wani irin ma akwai mai cin ƙwayoyin garin katako, shi ke zuba wa kansa, amma da lantarki yake aiki. Wannan kada ma ka fara.

DanFagge
A ɗauke wuta nama na tsakiyar dahuwa, ka tada janareta saboda haƙarƙari. Allah ya kyauta.

Yar_Hadejia
Ni mamaki kuke ba ni, sai ka ce Amurka ce ta fara banda. Kifin da ake kawowa Kano daga Baga da fadamar Haɗeja da Nguru, da me ake bandarsa? Murhun ƙasa ne ko duro, da waya a sama, a rufe da kwano ko tabarma. A Ghana tun 1969 aka inganta irin wannan a wata unguwar masunta da ake kira Chorkor a Akara: murhun laka, a jera tire-tiren waya masu bakin katako ɗaya kan ɗaya, itace kaɗan ya yi kifi da yawa. In banda kake so don naman layya ya daɗe, ka tsayar da duro a tsaye, ƙofa a ƙasa ta wuta, waya hawa biyu a sama, murfi mai 'yan huji. Sai dai a bambance: tamu bandar busarwa ce don ajiya, ta Amurka da Bakano_a_Texas ya faɗa dafawa ce a ci a ranar. Kada mutum ya yi irin tasu ya zuba a kwali ya ce zai kai wata.

Maman_Walid
Mu dai a Kano suya muka sani da naman layya. A soya shi ya soyu a cikin kitsensa, a zuba a kwalla, a yi dambu da saura. Mutanen Nijar ne ke banƙare rago a jikin itace su kewaye wuta da shi, kuma ba su sayi komai a shago ba.

Dr_Tarauni
Abu biyu zan ƙara ta ɓangaren lafiya. Na farko ya fi komai da aka faɗa muhimmanci: gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutane in an kwana da janareta a cikin gida. Kada hadari ya taso a ce a ja abin gashi cikin kicin ko gareji a ƙarasa, kada kuma da hunturu a shigar da ragowar garwashi ɗaki don jin ɗumi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, mai barci kuwa ba zai ji su ba. Na biyu, kaza. Jan fata ba shi ke nuna ta dahu ba. Cikin cinya, wajen da ya fi kauri, ya kai digiri 74. Ɗan ma'aunin da ake sokawa a nama ba shi da tsada. Kuma farantin da ɗanyar kaza ta zauna a kai, kada gasasshiya ta koma cikinsa ba a wanke ba. Wajen da ya ƙone ƙurmus a yanke a yar.

Ummin_Girki
Likita, a ƙara da masu hura gawayi da leda ko kananzir. Wallahi har a naman ake jinsa. Ni babban gwangwanin tumatir na sa aka cire wa gindi aka huhhuda gefensa, in cusa takarda a ƙasa, gawayi a sama, in kunna. Kafin in gama yanka albasa ya kama.

Malam_Gwale
Tunda an zo maganar gawayi: ba duka ne ɗaya ba. Na ƙirya ya fi nauyi da daɗewa, shi maƙera ke nema tun kaka da kakanni. Marke ma yana da kyau. In ka ɗaga buhu ka ji shi sakayau, ko gawayin yana ta tartsatsi, toka za ka saya. Itacen darbejiya kuma kada a yi banda da shi, hayaƙinsa ɗaci gare shi, haka guntayen katako na 'Yan Katako da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Amma ni abin da ke damuna, ƙiryar nan da marken daga ina ake saro su? Duk motar gawayin da ta shigo Kano daji ne aka kwantar a wani wuri, ga hamada na matsowa ta arewa. Ta wannan fuskar Hajiya_Bompai ta fi mu hujja.

DanFagge
Malam, gashin kaza biyu ranar Asabar ne zai kawo hamada? A fara da gidajen burodi masu cin itace mota-mota.

Malam_Gwale
Kowa haka yake cewa, DanFagge. Ban ce haramun ba ne. Amma mai murfi da ƙofar iska, in ka gama ka toshe shi wutar ta mutu, gobe ka tashi ragowar gawayin. Buɗaɗɗe kuwa sai ya cinye duk abin da aka zuba masa. Sannan Abban Hanifa, ka ce tsakar gidanka ƙarama ce, ka san ƙamshi ba ya tsayawa a katanga. In za ka gasa, ka lissafa da 'ya'yan maƙwabta.

Abban_Hanifa
Malam, wannan kuma dole ne. To ku dawo da ni kan hanya: zagayayyen nan mai ƙafa uku ba wanda ya ce komai a kansa.

Sadiq_BUK
Shi nake da shi. Samfurin kamfanin Weber ne, na Jamus. Yana gasa kaza guda sukutum in ka raba garwashi gefe biyu ka sa ta a tsakiya ka rufe, wajen awa ɗaya da 'yan mintuna. Gawayi kaɗan yake ci.

Bakano_a_Texas
Gyara kaɗan, Sadiq: Weber na Amurka ne, wani George Stephen ya ƙirƙiro shi a yankin Chicago a 1952. Kuma yawancin masu wannan sifar da ke kasuwa kwaikwayo ne, ba nasu ba. Abban Hanifa ya duba ko murfin na zama daram, ko akwai ƙofar iska a ƙasa da sama masu buɗuwa da rufuwa, sannan ya auna faɗin. Mai santimita 57 zai ɗauki cinyar rago ko kaji biyu, mai 47 ya yi wa mutum tara kaɗan. Da shi za ka iya 'yar bandar tozon ma, in ka jera gawayi a gefe ka ɗora guntun itace.

Sadiq_BUK
Na gode Yaya. Amma ranar Sallah ba zai ishe shi ba ko mai 57 ɗin ne, sai dai a yi ta yi kashi-kashi.

Ummin_Girki
Ni kuwa da za a bi tawa, tanderu za a kafa irin na masu gurasa. Ƙasa tana riƙe zafi fiye da duk ƙarfen nan, ga kaza ga gurasa a wuta ɗaya.

Maman_Walid
A tsakar gidan siminti, gidan ma ba mu sani ba ko na haya ne? Ummi ki bar shi ya fara iya hura gawayi.

MaiWalda_KofarRuwa
Maganar siminti ta tuna min: ko duro ko na shago, ƙafafun su ɗaga shi ya kai ƙugu, don zafi na fasa daɓe, kuma mai tsawo ya fi wuyar kaiwa ga yara masu rarrafe. A sa tayoyi biyu a gefe ɗaya. Toka kuma kada ta kwana a ciki da damina, in ta jiƙe ita ke cin ƙarfe fiye da wutar.

Abban_Hanifa
Gidan nawa ne Hajiya, alhamdu lillahi. Na cire na banda daga lissafi. Yanzu tsakanin duro da zagayayyen nake, Maman Hanifa kuma na karanta mata maganar Hajiya_Bompai ta ce ita na gas take so. Oga mai walda, in aka yi rabin duro maimakon guda, zai rabu gida biyu kamar yadda Dan_Rundawa ya ce?

Dan_Rundawa
Rabi ya yi kaɗan. Wutar za ta bi ko'ina.

MaiWalda_KofarRuwa
Zai rabu in an sa ƙarfe a tsakiya ya tare garwashin. Ka auno min tsawo da faɗin inda za ka ajiye shi, da tazararsa da taga mafi kusa, sai in faɗa maka.

Hajiya_Bompai
Ku dai ku auna. Maman Hanifa ta riga ta faɗi nata.